Amsa ga Alhajin da ya tambaye ni ko na taɓa kwana a kurkuku

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa. A shirin rediyon ranar Lahadi ka ambaci sunana, ka jefo mini tambayoyi uku a kunnen jama'a: ko na taɓa kwana a kurkuku da har nake sukar gidajen yarin da kamfanoni ke gudanarwa a Amurka, ko wanda ka ziyarta a can bai fi gidan yarin Kurmawa na Kano tsabta ba, sannan wane ne yake biyana in ɓata sunan 'yan kasuwa. Ta ƙarshen ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin mutanen da suka san ni shekara da shekaru sun ji ta.

Ban taɓa kwana ba, alhamdu lillahi, kuma ban ji ka ce kai ka kwana ba. Abin da na yi shi ne aikin tafinta na shekara shida, ina shiga wani gidan tsare baƙin haure na kamfani a kudancin Amurka tare da lauyoyin da ke kare waɗanda aka kama, kuma su ne suka biya ni, kuɗin da bai taɓa wuce na mai da abincin rana ba. A can na san wani yaro ɗan Damagaram da yake wanke tukwane a kicin a kan dala 1 a wuni, ladan da ba ya isarsa ya gaisa da mahaifiyarsa ta waya a natse, ga shi sabulun kirki sai ya saya a kantin cikin gidan. Haƙori ya dame shi har kumatunsa ya kumbura, ya cika takardar neman ganin likita sau uku, ni na rubuta masa ta ukun da hannuna, abin da ya samu shi ne ƙwayar rage ciwo. Ranar da baƙi za su zo kuwa, tun asuba ake goge daɓe har ka ga fuskarka a ciki. Ina kyautata zaton irin wannan ranar aka kai ka.

Ba mugunta nake jingina wa gandirobobin wurin ba, yawancinsu talakawa ne masu neman na tuwo. Matsalar tana cikin takardar kwangila. Gwamnati tana biyan kamfani kuɗi a kan kowane kai a kowane dare, saboda haka duk gandiroban da ba a ɗauka ba, duk maganin da ba a saya ba, riba ce. A shekarar 2012 kamfanin CCA, wanda yanzu ake kira CoreCivic, ya aika wa jihohi 48 wasiƙa yana tayin sayen gidajen yarinsu, bisa sharaɗin a tabbatar masa da cewa kashi 90 cikin ɗari na gadaje za su kasance a cike har shekara 20. A jihar Idaho kamfanin ya amsa da bakinsa cewa ma'aikatansa sun rubuta kusan awa 4,800 na gadin da ba wanda ya yi, a gidan da fursunoni suka yi wa laƙabi da makarantar 'yan dambe saboda yawan faɗa, har jihar ta karɓe shi a 2014. Ɗan jarida Shane Bauer ya yi wata huɗu yana aikin gandiroba a ɓoye a gidan yarin Winn na jihar Luwiziyana, wanda CCA ɗin ke gudanarwa a lokacin, a kan dala 9 a awa, ya fito ya ba da labarin ƙarancin ma'aikata da soke-soken wuƙa. Ko shi ma wani ne ya biya shi?

Idan ka ce wannan halin Amurka ne, to a Ingila gwamnati ta ƙwace gidan yarin Bamingham daga hannun kamfanin tsaro na G4S a watan Agustan 2018, bayan babban sufeton gidajen yari ya tarar da ma'aikata suna kulle kansu a ofis don tsoron fursunoni. A Afirka ta Kudu kuma, daga gidan yarin Mangaung da G4S ɗin ke gudanarwa a lokacin wani fursuna mai suna Thabo Bester ya sulale a watan Mayun 2022, aka bar gawar wani a ƙone a ɗakinsa, aka sanar da cewa ya mutu, sai a Afrilun 2023 aka cafke shi a Tanzaniya.

Maganar Kurmawa ba ta buƙatar dogon bayani. Ban taɓa yabon cunkoso da ƙazantar gidajen yarinmu ba, kuma lalacewar wani ba ta wanke wani.

Abin da ka manta ka gaya wa masu sauraro shi ne wanda ya sayi tikitin tafiyarka, da kuma dalilin da ya sa tun dawowarka ba ka da zance sai na damƙa gidajen yarin Nijeriya ga 'yan kasuwa. Ba na zarginka da komai, tambaya ce irin taka. Mun saba ganin tawaga ta tafi yawon buɗe ido na kwana biyar, a zagaya da ita inda aka share, ta dawo da takardar shawara a aljihu da ɗan kwangila a bayanta. A ƙasar da kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare jiran shari'a suke yi, inda fayil kan ɓace shekara da shekaru, kana so a kawo wanda kowane daren da aka ƙara wa talaka a ciki kuɗi ne a asusunsa, sannan ka ce mini shi zai matsa wa kotu ta hanzarta.

Ina da sunayen lauyoyin da na yi aiki da su da takardun biyana, zan kawo su gidan rediyon duk ranar da ka zaɓa. Kai ma ka taho da naka.

Wassalam.