Kalmar lazar da kanun labarin da kuka sa na kutare

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Sannunku da aiki, Allah Ya ƙara basira. Ni mai karanta jaridarku ne kullum a waya daga nan Garwa, arewacin Kamaru, kuma abin da ya sa na rubuto shi ne labarin nan da kuka buga na rabon hatsi da barguna, wanda a kanunsa kuka ce an raba wa kutare kaya. Na san ba da wata mummunar niyya kuka rubuta ba, haka dai kowa ke faɗa, amma wallahi tun da na karanta abin yake cina a rai, don ni kalmar nan a cikin gidanmu na san nauyinta.

Na yi shekaru ina koyar da Turanci a lise, wato makarantar sakandare, to a wajen ne na ci karo da wata tsohuwar kalma a ƙamus, lazar, wadda Turawan Ingila suke kiran mai kuturta da ita tun wajen shekarun 1300, yanzu kam ko Baturen ma sai wanda ya yi karatu mai zurfi zai gane ta. Abin da ya ba ni mamaki shi ne asalinta ba sunan cuta ba ne sam, sunan mutum ne. A cikin Linjila ta Luka, babi na 16, akwai misalin wani matalauci mai suna Li'azaru da ake ajiyewa a ƙofar gidan wani attajiri, duk jikinsa gyambo, karnuka suna zuwa suna lasa, yana marmarin ɓarɓashin da ke faɗowa daga teburin mai gidan. Littafin bai ce kuturta ce da shi ba fa, miki kawai aka ambata, mutane ne daga baya suka yanke cewa ai wannan kuturu ne, shi ke nan sunansa ya koma sunan duk mai cutar. Sunan kuma da kansa daga Ibrananci ya fito, Eli'azar, ma'anarsa Allah Ya taimaka. Ka ga suna mai kyau irin wanda uba zai zaɓa wa ɗansa ranar suna.

Daga nan sunan ya yi ta yawo. A ƙarni na 12 a birnin Ƙudus akwai ƙungiyar da ke kula da asibitin masu cutar a bayan ganuwa, da sunan Li'azaru ake kiranta. Gidajen da ake killace su a Ingila ana ce musu gidan lazar. A Venis ta Italiya a 1423 aka ware wani tsibiri don masu annoba, daga can kalmar lazaretto ta bazu, wadda a Faransanci muke ji lazaret, wato wurin killace mutane. Ko babbar tashar jirgin ƙasan nan ta Paris, Saint-Lazare, da 'yan uwanmu masu zuwa Faransa suke sauka a cikinta, sunan titi ta ɗauka, titin kuma ya samo nasa daga wani tsohon gidan masu kuturta da yake kaiwa gare shi.

Amma inda abin ya fi taɓa ni a Faransanci ne, yaren da muke aiki da shi kullum a ofis da makaranta a nan. Su sunan Li'azaru ya lanƙwashe a bakinsu ya zama ladre. Da farko mai kuturta ake nufi, sai aka ce ai mai cutar ba ya jin zafi a fatarsa, to sai ya zama duk mutumin da ba ya jin tausayi ladre ne, daga nan ya koma marowaci, mai maƙo wanda ko sisi ba ya iya fitarwa, har alade mai tsutsa a nama da shi ake kiransa. Ranka ya daɗe ka duba tafiyar nan, daga Allah Ya taimaka zuwa zagi, zuwa sunan ruɓaɓɓen nama. Ba wanda ya zauna ya shirya haka, baki ne ya yi ta maimaitawa har mutumin ya ɓace cutar kaɗai ta rage, cutar ma ta koma abin jifan wani.

To mu ma haka muke yi, kawai dai ba ma ji ne saboda sabo. Baffana, ƙanen mahaifina, tela ne a kasuwa, hannunsa na da kyau a ɗinkin babbar riga har daga ƙauyuka ake kawo masa shadda gab da sallah. Wani tabo ya fito masa a damtse, fari-fari haka, ba ƙaiƙayi ba ciwo, ko allura ya soka ba ya ji. Ya san ko mene ne, ko dai yana zargi, amma ya yi shekaru yana rufewa da dogon hannu yana bin masu maganin gargajiya a ɓoye, kuma da bakinsa ya gaya wa mahaifina cewa ba ciwon yake tsoro ba, sunan yake tsoro. Kafin ya yarda ya je asibiti yatsunsa biyu sun riga sun lanƙwashe. Ya sha magani wata 12 cur, likita ya ce ya warke sarai ba abin da zai shafa wa kowa, amma ina, unguwa ta riga ta raɗa masa suna. Yara idan an aike su sai su ce gidan kuturu, masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, a wajen walima a ware masa kwano daban, wanda ya fito neman auren 'yarsa iyayensa suka hana. Ni ina yaro a lokacin amma ban manta yadda yake zama a zaure shi kaɗai da keken ɗinkinsa a rufe ba. Har Allah Ya karɓi ransa akwai waɗanda ba su taɓa kiransa da sunansa na yanka ba.

Na san wani zai ce ai Hausa ce, haka muke cewa makaho da gurgu, kuma su da kansu suna da sarkin kutare a garuruwa da yawa, har karin magana cike take da su, wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski, ko da haka muka fara kuturu ya ga mai ƙyasbi. Ban ce a goge karin magana ba, kuma abin da mutane suka zaɓa su kira sarautarsu wannan nasu ne. Abin da nake cewa shi ne mafi yawan waɗanda kuka ɗauki hotonsu a wajen rabon nan ba su da cutar yanzu, sun sha magani tuntuni, abin da ake gani a hannu da ƙafa ɓarnar da ta yi wa jijiya ce kafin a kai ga maganin. Wanda ya yi tarin fuka ya warke ba wanda ke kiransa da shi har kabari, don me wannan kaɗai? Kuma Allah da kanSa Ya hana mu jifan juna da munanan laƙabi a Suratul Hujurat aya ta 11.

Har yanzu a nan akwai masu cewa gado ce, ko baki aka yi wa mutum, ko ya haɗa kifi da nono. Tun 1873 wani likita ɗan Norwe mai suna Hansen ya gano ƙwayar cutar, shi ya sa wasu ƙasashe kamar Brazil suka daina amfani da tsohon sunan a takardun gwamnati suka koma kiranta cutar Hansen. Ba ta saurin yaɗuwa, sai an daɗe ana zaune kusa da wanda bai fara magani ba, kuma kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu ba ya kamuwa ma. Maganin haɗin ƙwayoyi uku ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1981, tun 1995 kuma kyauta ake bayarwa, wata 6 ko wata 12 gwargwadon ƙarfin ciwon, da an fara sha mutum ya daina yaɗawa. Duk da haka a duniya ana samun sabbin kamu kusan 200,000 a shekara, kuma ni na tabbata a cikinsu akwai irin baffana da yawa, masu ɓoyewa har sai yatsa ya tafi.

Don haka roƙona biyu ne ranka ya daɗe. Idan za ku sake rubuta irin labarin nan ku ce masu fama da cutar kuturta, ko waɗanda suka warke daga kuturta, na san ya fi tsawo a kanu amma ku daure, in kuma kun yi hira da ɗayansu ya yarda to ku sa sunansa da sana'arsa kamar yadda kuke yi wa kowa. Na biyu, Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ita ce ranar cutar ta duniya, wadda Bafaranshen nan Raoul Follereau ya kafa a 1954, ku ware ko da rabin shafi ne ku gaya wa mutane cewa duk wanda ya ga tabo a jikinsa da ba ya jin taɓi, ko hannu da ƙafa suna yi masa sanyi kamar ba nasa ba, ya je asibiti da wuri kuma ba za a karɓi ko sefa ɗaya na maganin ba. Jaridarku tana kaiwa har Marwa da Ngaundere da Kuseri da Njamena, inda duk ake jin Hausa.

Na gode, a huta lafiya.

Naku, mai karatu daga unguwar Yelwa, Garwa.