A Kai Kuɗin Binciken Ciwon Daji Inda Marasa Lafiya Suke

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci kan yadda gwamnatoci ke raba kuɗin binciken ciwon daji, wanda kusan duka yake ƙarewa a manyan asibitocin koyarwa da cibiyoyin jami'o'i, alhali yawancin masu fama da cutar ba su taɓa taka ƙofar waɗannan wurare ba. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 20 suka kamu da cutar, miliyan 9.7 kuma suka rasu, sannan tana hasashen sababbin masu kamuwa za su haura miliyan 35 a 2050. Babu ƙasar da manyan cibiyoyinta za su iya ɗaukar wannan jama'a. Ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani na kusa da gida su ne za su gan su, don haka can ya kamata wani kaso na binciken ya koma.

Dalili na farko shi ne ingancin binciken kansa. Wanda ya iya zuwa babbar cibiya yana da kuɗin mota, yana da mai raka shi jinya, kuma yana da sauran ƙarfin jure tafiya. Idan a kan irinsa kaɗai aka gwada magani, sakamakon ba zai faɗa mana yadda maganin zai yi wa dattijuwa mai hawan jini da ciwon sukari ba, wadda ba ta zo asibiti ba sai da kumburin mamanta ya fashe. Likitan ƙaramin asibiti kuwa irin wannan dattijuwar yake gani kullum, yana ba ta magani bisa ƙa'idar da aka fitar daga jikin mutanen da ba su yi kama da ita ba.

Amurka ta gane wannan tun 1983, lokacin da cibiyarta ta ƙasa mai kula da ciwon daji ta fara biyan likitocin asibitocin al'umma don su shigar da majinyatansu cikin manyan gwaje-gwaje, ganin cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu cutar a ƙasar a irin waɗannan asibitoci ake yi musu magani. A 2014 aka sake wa shirin fasali da sunan NCORP. Ingila ma ta kafa nata tsarin a 2001, sa'ilin da ƙasa da kashi 4 cikin 100 na sababbin majinyata ke shiga bincike, kuma cikin shekaru uku adadin ya ninka ya wuce. Ba gine-gine aka yi da kuɗin ba. Ma'aikatan jinya masu aikin bincike da masu tattara bayanai aka ɗauka aka rarraba su a asibitocin gundumomi.

Dalili na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi, shi ne akwai tambayoyin da babu mai biyan kuɗin amsa su sai gwamnati. Kamfanin magani zai zuba jari don ya nuna sabon maganinsa ya fi tsohon, amma ba za a sa ran ya kashe kuɗinsa don a tabbatar cewa rabin maganin ya isa ba. A Birtaniya, da kuɗin gwamnati aka gudanar da binciken PERSEPHONE a asibitoci 152, kan mata fiye da 4,000 masu wani nau'in sankarar mama, aka kwatanta ba da maganin trastuzumab na wata 6 da na wata 12 da aka saba. Bayan shekaru huɗu, kusan kashi 89 cikin 100 na kowane ɓangare cutar ba ta dawo musu ba, waɗanda kuma aka dakatar wa maganin saboda ya taɓa musu zuciya sun fi yawa a ɓangaren masu wata 12. Duk wanda ya taɓa ganin iyali suna sayar da kadara don cika alluran da suka rage ya san darajar wannan amsa, kuma ba ta samu ba sai da asibitoci masu yawa suka haɗa hannu.

Kada a ɗauka sai ƙasa mai arziki ke iya wannan. A birnin Mumbai na Indiya, likitocin asibitin Tata Memorial sun horar da matan unguwa waɗanda karatunsu bai wuce sakandare ba, suka koya musu shafa ruwan khal a bakin mahaifa su duba inda ya yi fari, alamar da ke iya nuna cutar tun kafin ta kankama. An bi mata kimanin 150,000 shekara da shekaru, kuma a 2013 aka bayyana cewa mace-macen sankarar bakin mahaifa sun ragu da kashi 31 cikin 100 a ɓangaren da aka riƙa dubawa. Sai dai binciken ya sha suka, domin matan ɗaya ɓangaren wayar da kai kawai aka yi musu, an kuma yi ƙorafi kan yadda aka nemi yardarsu. Wannan suka tana da tushe, kuma ita ce ta sa nake cewa kuɗin kwamitin da ke kare haƙƙin majinyaci, da na fassara takardar amincewa zuwa harshen da yake ji, dole su kasance cikin kasafin tun farko. Talaka yakan sa hannu a kan duk abin da likita ya miƙo masa, saboda kunya ko tsoron kada a hana shi magani.

Na san za a ce asibitin da ba shi da isassun magunguna, ba shi da likitan da ke duba tsokar da aka yanko, ina shi ina bincike? Tambayar tana kan hanya, amma abin da bincike ke buƙata shi ne abin da jinya ta gari ke buƙata: a tabbatar da nau'in cutar kafin a fara magani, a rubuta matakin da ta kai, a auna nauyin majinyaci kafin a haɗa masa allurar kemo, a kuma neme shi idan ranar dawowarsa ta wuce bai zo ba. Ma'aikaciyar jinyar da aka ɗauka don ta riƙa buga wa majinyatan da ke cikin binciken waya, ita ce za ta lura da maƙwabcinsu na gado da ya daina zuwa. Haka kuma asibitin da ya saba aika tsoka zuwa babbar cibiya cikin ruwan da ke hana ta lalacewa, da lamba da kwanan wata, ba zai koma yin magani da ka ba.

Inda gwamnatoci ke kuskure shi ne yadda suke sakin kuɗin. Ana son sayen na'ura, domin ana iya yanka mata zare a gaban 'yan jarida, amma ba a son biyan albashin magatakardan da zai zauna yana cike rajistar masu cutar. Kuma tallafin shekara ɗaya ba ya haifar da komai a wannan fanni, tunda sanin ko magani ya yi aiki yakan ɗauki shekara biyar ko fiye. Idan kuɗi ya yanke a shekara ta biyu, ma'aikacin da aka horar ya tafi, fayilolin sun watse, waɗanda suka ba da jikinsu don gwajin kuma sun yi a banza.

Saboda haka ina kira ga ma'aikatun lafiya da 'yan majalisa masu duba kasafin kuɗi da su ware wani kaso sananne na kuɗin binciken ciwon daji ga asibitocin al'umma, a bayar da shi na aƙalla shekara biyar a jere, a tura shi kai-tsaye zuwa asusun asibitin maimakon ya bi ta hannun babbar cibiya, wadda aikinta ya kamata ya zama horarwa da sa ido. A kuma wajabta wa duk wanda ya karɓa ya buga sakamakonsa, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, tare da adadin majinyatan da ya shigar da adadin waɗanda suka ɓace masa a hanya.

Naka,
Wani mai karatu