Ƙugin da ke tashi daga bayan mota

Stuttgart, Jamus

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran gareji. Ya jikin Baba? Umma ta ce ƙafar ta yi sauƙi har ya koma fita sallar Asuba, Allah ya ƙara afuwa. Ni ma lafiya lau nake. Sanyi ya ja baya tunda aka shiga Afrilu, aiki kuwa ya taso mana haiƙan.

Saƙon muryar da ka turo ta WhatsApp, na ƙugin Marsandin Alhajin nan da aka kawo maka gyara, ya iso, na sa a kunne na saurara da kyau. Gaskiya, Yaya, ban ji komai ba sai iska da muryar direba. Waya ba ta iya ɗaukar irin wannan ƙugi mai kauri da ke tasowa daga ƙasan mota. Saboda haka ba zan yi cinikin biri a sama in ce maka boris ne (zoben ƙwallayen ƙarfe da taya ke juyawa a kansa) ko aksul ne (akwatin haƙoran da ke raba ƙarfi ga tayoyin baya) ke damun Marsandin Alhajin ba. Amma kada ka bari ya matsa maka ka sauke aksul tukuna. Bari in ba ka labarin wata mota da muka gama da ita kwanan nan, don ciwonsu ya yi kama.

Porsche ce, samfurin Boxster S ta 2001, mai kujera biyu da rufin tamfol. Nan garin ne gidan Porsche, a unguwar Zuffenhausen, don haka ganin irinta a titi ba abin kallo ba ne. Injinta mai silinda shida ne, lita 3.2, kuma ba a gaba yake ba, yana bayan kujeru ne daidai. Giya da aksul a kwanso ɗaya suke, a bayan injin. Ka ga ke nan duk wani abu mai iya kuka, da inji da giya da salansa da manyan tayoyi, sun taru a bayan kunnen direba. Mai motar wani dattijo ne, tsohon malamin makaranta. Lambar motarsa irin ta lokaci ce, daga Afrilu zuwa Oktoba kawai doka ta yarda ta hau titi, sauran watanni tana kulle a gareji. Da ya fito da ita bana sai ya ji ƙugi daga baya, irin na injin niƙa idan kana jiyo shi daga wata unguwa. Yana farawa da an kai kilomita 60 a maleji, yana ƙaruwa da gudu. Wani gareji ya ce masa giya ce, sai an sauke ta. Abokansa suka ce ai salansar gayu da ya sa ce. Ya zo mana yana lissafin kuɗin da ya kusa rabin darajar motar.

Maigidana bai ko buɗe bayanta ba. Makulli ya karɓa ya ce in shiga mu hau babbar hanya ta A81.

Abin da muka fara nema shi ne mu san wa ƙugin yake bi, inji ko taya. Na tsayar da gudu a kan 100 cikin giya ta shida, sannan na sauko ta biyar, na sauko ta huɗu, gudun yana nan a 100. Kukan inji ya hau sama kowane sauyi, amma ƙugin bai ko gezau ba. Da salansa ce, da ya sauya, domin ita juyin inji take bi: takan yi gurnani a wani zango na juyin inji, da ka wuce wurin ta saki. Sai na sa ta a firi na ƙyale ta tana gangarawa. Inji ya koma salo, wato juyinsa mafi ƙasa, ƙugi yana nan, yana raguwa a hankali yadda gudu ke raguwa. Nan muka wanke inji da salansa. Ka ja wa yaranka kunne, a wannan gwaji a firi ake sa mota, ba a kashe inji. Wanda ya kashe, birki zai yi masa tauri, sitiyari ma yana iya kullewa.

Saura giya da aksul. Haƙoran aksul idan sun ci, muryarsu siririya ce, kuma totur take bi: ka taka ta yi kuka, ka ɗaga ƙafa ta yi shiru ko ta sauya murya, saboda ɓangaren haƙorin da ke ɗaukar nauyi ya sauya. Ka tuna Fijo 504 ɗin da aka riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna, waɗanda Baba ya yi rayuwarsa a ƙarƙashinsu? Haka yake gane aksul ɗinsu tun kafin a ɗaga mota, ya ce wa direba taka, saki, taka, saki. Na yi wa Porsche haka, ƙugin bai san ma ina yi ba. Maigida ya ce in manta da giya.

Inda aikin ya yi daɗi shi ne tsakanin taya da boris, domin su biyun gudu suke bi, kuma muryarsu kusan ɗaya ce. Tayar bayan wannan mota 255/40 ce a kan wili mai inci 17. Zagayenta kusan mita 2 ne, don haka a gudun kilomita 100 tana juyawa kusan sau 14 cikin sakan ɗaya, boris ma haka. Duk ɗan lahani da ke jikin ɗayansu zai bugi kunnenka sau 14 ko fiye a sakan, ya haɗe ya zama ƙugi. Abin da ke raba su shi ne, taya da hanya take magana, boris kuma da nauyi. Da muka bar tsohuwar kwalta mai kaushi muka hau sabuwa mai santsi, ƙugin ya ragu sosai, amma bai mutu ba. Wannan ya nuna akwai hannun taya a ciki. Da muka samu wata hanya da ba kowa, na riƙa karkata sitiyari a hankali hagu da dama a gudun 80. In na karkata dama, nauyin mota ya faɗa hagu, sai ƙugin ya ƙaru. In na karkata hagu, ya lafa. Wannan kuma halin boris ne. Ashe ciwo biyu ne suka haɗu a mota ɗaya, shi ya sa kowa ya ji sai ya kama wani abu daban.

Da muka dawo na shafa tayoyin baya da tafin hannu. Ka shafa ta wannan fuska sumul, ka dawo ta ɗaya fuskar sai ƙwayoyin tayar su riƙa kama maka hannu, musamman ta gefen ciki. Kowace ƙwaya ta ci ta baki ɗaya ta bar ɗaya bakin a tsaye. Alaimen da ya kauce yana kawo wannan, haka shokazoba da ta gaji, haka ƙarancin iska. Irin waɗannan motoci kuma dama tayoyin bayansu a ɗan kwance suke ta sama zuwa ciki don su riƙe kwana, sai gefen ciki ya riƙa shan wahala. Dattijon ya ce ai zanen tayarsa da saura, ya wuce milimita 1.6 da doka ta ce, kuma motar ta ci jarrabawar da ake yi mata duk shekara biyu. Gaskiyarsa ce. Amma na nuna masa lambobi huɗu na ƙarshe da ke bayan rubutun DOT a gefen taya. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: in ka ga 2314, an yi tayar a mako na 23 na 2014 ke nan. Nasa sun haura shekara goma, roba ta bushe ta yi tauri, ga zaman wuri ɗaya na watanni biyar kowace shekara. Don Allah ka riƙa duba wannan lamba a tayoyin Beljiyam da ake kawo muku daga Panteka. Zane mai zurfi ba ya nuna shekarun taya.

Da mota ce irin ta kowa, sai a mayar da tayoyin baya gaba, na gaba baya, a ji ko ƙugin ya yi ƙaura. A nan ba hali, domin na gaba 205 ne, sun fi na baya siranta. Sai muka ɗaura mata wasu wiloli masu lafiya na wata Boxster da ke jiran gyaran rufi. Muka sake fita. Mafi yawan hayaniyar ta tafi, abin da ya rage ya fito fili, ƙugi ɗaya tsantsa da ba ruwansa da irin kwalta.

To a nan ne mutum zai iya ruɗewa. Mun ɗaga motar, na kama tayar hagu sama da ƙasa na jijjiga, ko motsi babu. Mu da muka tashi da tsofaffin motoci mun saba cewa boris da ya mutu sai ya yi wasa. Na waɗannan motoci ba haka yake ba. Rufaffe ne, mai layi biyu na ƙwallaye, an danna shi cikin gidansa da injin matsi, yana iya yin kuka wata da watanni bai yi wasa ba. Kuma da zarar an ɗaga mota nauyi ya sauka daga kansa, sai ya yi lamo. Layi biyun nan ma sukan sa gwajin karkata sitiyari ya nuna maka ɓangaren da ba shi ba, don wani lokaci layin ciki ne ya lalace, shi kuma lokacin da yake ɗaukar nauyi daban ne. Shi ya sa ban yarda a yanke hukunci da gwaji ɗaya ba. Na dafa sifirin da hannu ɗaya, yaro yana juya tayar. A dama ban ji komai ba. A hagu na ji wani ɗan gurzo yana ratsa ƙarfen zuwa yatsuna. Na ɗauko doguwar sukundireba na kafa bakinta a gidan boris, na ɗora ƙotar a kunne, yadda Baba ya koya mana. Maigida ya yi dariya, ya karɓa ya saurara, ya daina dariya. Duk da haka sai da ya ɗauko na'urarsa, wasu 'yan makirufo masu baki da ake maƙalawa a wurare daban-daban a ƙarƙashin mota, kana tafe kana sauya wanda kake saurare. Ya maƙala a gidan boris na hagu da na dama da jikin giya. Na hagu ne ya amsa. Na'urar tana da amfani, ban raina ta ba, domin tana jin boris yana ɗauke da nauyinsa a kan hanya, abin da sukundireba ba za ta iya ba.

Sauya shi ba wasa ba ne. Notin tsakiya da ke bakin sandar aksul ana ɗaure shi da ƙarfin 460 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti), alhali na wili 130 ne kawai. Ba a ƙiyasta wannan da tsalle a kan bututu, sai da sifana mai awo. Sabon boris ya kwana a firiza don ya ɗan tsuke, aka ɗumama gidansa, ya shiga ba gardama. Wajen dannawa, zoben waje ake turawa idan ana sa shi a gida, sannan a tokare zoben ciki idan ana sa abin da wili ke ɗauruwa a kai. Wanda ya sa guduma, ko ya bar ƙarfin matsi ya bi ta kan ƙwallayen, ya kashe boris tun bai hau titi ba, bayan 'yan watanni a ce kayan ne jabu. Haka nan ba a sauke mota a tura ta notin nan yana kwance. Da muka fasa tsohon, giris ya koma ruwan ƙasa, hanyar ƙwallayen duk ta yi ƙananan ramuka. A ganina ruwa ne ya shiga, motar kuma ta zauna da shi duk tsawon sanyi. Na dama ba mu taɓa shi ba tunda bai yi ƙara ba. Sabbin tayoyi biyu, boris ɗaya, alaimen, giya kuwa ko noti ɗaya ba a kwance mata ba.

Marsandin Alhaji ta bambanta da wannan ta fuska ɗaya. Injinta a gaba yake, farfela ce ke kai ƙarfi baya, kuma farfelar tana da nata boris a tsakiya, zaune cikin roba. Tana juyawa wajen ninki uku na taya, don haka kukanta ya fi sauri, kuma a ƙarƙashin kujera ko wajen hambirki ake jin sa, sau da yawa da karkarwa lokacin tashi. Ka sa wannan a lissafi. Idan har ƙugin ya bi totur, kafin ka sauke komai ka tsiyaye man aksul a farin kwano ka duba ko akwai garin ƙarfe mai ƙyalli. Ka fita da motar da kanka a hanyar Zariya da sassafe kafin manyan motoci su yi yawa, ka zaunar da yaro mai kunne a kujerar baya, gilasai a rufe, rediyo a kashe. Ka turo min abin da ya faru a firi, da a totur, da a kwana, da a sauyin kwalta, daga nan sai mu yi magana.

Maganar Auta kuma, na ji yana son zuwa. Ka gaya masa koyon kanikanci a nan shekara uku da rabi ne, ana zuwa gareji ana zuwa makaranta, kuma da Jamusanci ake komai. Ya fara koyon yaren tun yanzu, ya kuma daina gudun aikin wayar lantarki, domin motocin yanzu cike suke da kayan lantarki. Kuɗin maganin Baba na tura ta hanyar da muka saba, ka sanar da ni idan sun shiga. Sifana mai awo da na yi maka alkawari na saya, tana jiran mai zuwa gida.

Ka gaida Baba da Umma da kyau, ka ce su ci gaba da sa ni a addu'a. Ka gaida matarka da yara, da Gwaggo, da duk mutanen layinmu.

Wassalam,
Ƙaninka