Ya ƙi sayen diraya da kwandensa, yanzu ya ce ni na kashe masa kwamfureso

Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara basira. Ni mai gyaran AC ɗin mota ne a Apo, nan Abuja. Yayan matata, Alhaji, shi ne ke yawo da sunana cikin dangi, wai na cuce shi. Jiya maganar ta kai har kunnen surukata, ta kira matata tana faɗa, shi ya sa na kasa haƙuri na rubuto.

Motarsa a-kori-kura ce, Hilux, wadda direbansa ke jigilar kaya da ita zuwa Gwagwalada. An kawo ta babu sanyi ko kaɗan. Malam, duk wanda ya san aikin nan ba ya fara taɓa kwamfureso, wato famfon da ke matsa gas ɗin AC. Na duba fiyus da rile, lafiya. Wuta na isa kan kulocin da ke haɗa kwamfureso da inji, yana kamawa, kana jin ƙas ɗinsa. Bel bai saki ba, fanka na jan iska. Sai na ɗaura geji, wato ma'aunin matsin gas. Mota mai gas R134a, idan lafiyarta ƙalau, a zafin Abuja allurar ɓangaren ƙasa tana zama tsakanin 30 da 45 psi, ta sama kuwa 200 zuwa 250. Tasa ta ƙasa ta haura 70, ta sama ta kasa wuce 100. Idan allurai biyu suka matso juna haka alhali kuloci ya kama kuma akwai gas, to kwamfureso juyawa kawai yake yi, ba ya matsa komai. Ga kuma ƙara daga cikinsa kamar an zuba tsakuwa a gwangwani.

Da na janye gas na kwance bututun, man da ya fito baƙi ƙirin ne, da ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli. A farar takarda na shafa na nuna wa Alhajin da idonsa. Yanzu ya ce bai ga komai ba.

Na ce masa kwamfureson ya ci kansa, kuma garin ƙarfen nan ya bi mai ya zagaye ko'ina. Sai an canja diraya, domin ita ce matatar da ke riƙe datti da damshi, ta riga ta cika. Sai an canja bawul ɗin da ke fesa gas cikin ibaporeta, inda iska ke ɗaukar sanyi, raminsa ƙarami ne, ɗan abu kaɗan ke toshe shi. Kwandensa ma, mai fitar da zafin gas a gaban mota, sai sabo. Irin na motocin yanzu hanyoyinsa sirara ne, jere da juna, in ka hura ruwan wanki sai ya bi waɗanda ke buɗe ya fita, ya bar dattin a maƙale. Ranar da gas ya yi zafi, dattin ya saki, kai tsaye zai koma cikin sabon kwamfureso. A gaban yarana ya ce so nake in gina gida da kuɗinsa, ya ƙi sayen ko ɗaya. Mutumin da motocinsa sun fi nawa kayan aiki yawa! Haka ya yi wa mai fenti a bara, kowa ya sani.

Na manta ban faɗa ba, kwamfureson ma ba ni na sayo ba. Shi ya aiko da tokumbo a leda, ban san daga hannun wa ba. Na ce ba zan ɗaura ba, matata ta roƙe ni kada in kunyata ta. To, da za a ce na ƙi, da yanzu wata maganar ake yi, cewa na raina danginta.

Duk da haka ban ha'inci aikin ba. Na wanke bututai da ibaporeta, na busar da su. Na zubar da tsohon man da ya zo cikin tokumbon, na auna ND-OIL 8 na zuba, wanda shi ne man kwamfureson Denso mai R134a, na juya shi da hannu kamar sau 10 don man ya ratsa kafin inji ya ja shi. Duk zoben robar mahaɗai na sa sababbi, na shafa musu mai. Na ja bakim, wato na zuƙe iskar da ke ciki, minti 45, na rufe, allura ba ta motsa ba, ka ga babu yoyo ke nan. Gas kuwa a kan sikeli na zuba, daidai nauyin da ke rubuce a takardar ƙarƙashin bonet. Kuɗin hannu rabi na karɓa, don zumunci.

Ba a daɗe ba sanyi ya fara raguwa. Maimakon a dawo min da ita, sai aka kai wa wani a bakin titi ya ƙara gas da ka, ba sikeli. Direban ne ya faɗa wa yarona, amma ya ce in aka tambaye shi zai musa, yana tsoron aikinsa. Bawul ya toshe, an kuma cika gas fiye da kima, matsi ya hau, me ake jira? Kwamfureson ya cije, bel ya ƙone a hanya. Yanzu Alhaji na cewa na ɓoye nasa mai kyau na sayar, na mayar masa da tsohon. Tsohon yana nan a shagona, lambarsa daban. Rasit kuwa, wa ke rubuta wa surukinsa rasit?

Ya ce in biya shi, ko ya kai ni ofishin 'yan sanda. Abokan aiki sun ce in kai maganar gaban shugabannin ƙungiyarmu, a kwance diraya a gaban kowa a ga abin da ke ciki. Na san in aka yi haka gaskiyata za ta fito, amma shi zai ji kunya, kuma matata ce za ta kwana a ciki. Tun jiya ba ta ce min uffan ba. In na biya, ai na amsa sunan ɓarawo ke nan, a unguwar da suna shi ne jari. Shin ya halatta in fallasa direban nan ya rasa abincinsa? Kuma Malam, ita surukar tawa, in je in same ta da kaina ne, ko in tura babban yayana ya fara yi mata bayani?

Wassalam.
Naka, mai gyaran AC daga Apo, Abuja.