Yanke Ƙauna Ba Sanin Duniya Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a tsakaninmu Kiristocin Arewa, wato ɗaukar yanke ƙauna a matsayin wayewa da sanin duniya. Ranar Lahadi mukan rera waƙoƙin bege da murya mai ƙarfi, amma da zarar an tashi daga sujada an taru a inuwar bishiya ana gaisawa, sai ka ji dattawa da matasa suna cewa ƙasar nan ba za ta taɓa gyaruwa ba, kowa ɓarawo ne, wanda bai sata ba dama ce bai samu ba. Duk wanda ya ce akwai sauran mutanen kirki, kallon yaro ake yi masa.

Ba na raina dalilan mutane. Ni ɗan Mubi ne, kuma ina cikin waɗanda suka gudu a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta ci garin, ta mamaye hedikwatar ekklesiyarmu ta EYN (Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya) a Kwarhi, har shugabanni suka koma Jos na wani lokaci. Watanni shida kafin nan an kwashe 'yan mata 276 daga makarantar Chibok, yawancinsu 'ya'yan ekklesiyar nan tamu, kuma har yau akwai iyayen da ba su sake ganin 'ya'yansu ba. Wanda ya sha wannan yana da ikon yin kuka, kuma Littafi Mai Tsarki bai hana shi ba, tunda akwai littafi guda a cikinsa mai suna Makoki.

Sai dai makoki daban, yanke ƙauna daban. Annabi Irmiya shi ne ya faɗa wa mutanen Urushalima cewa birnin zai faɗi a hannun Babila, har aka tsare shi saboda wannan magana, don haka ba wanda zai ce yana yaudarar kansa. Duk da haka, a daidai lokacin da sojojin Nebukadnezzar, sarkin Babila, suka kewaye birnin, yana tsare, ya sayi gonar ɗan baffansa a Anatot, ya auna shekel 17 na azurfa a gaban shaidu, ya sa aka ajiye takardun cinikin a tukunyar yumɓu domin su daɗe. Mutumin da ya fi kowa sanin munin abin da ke tafe shi ne ya zuba kuɗinsa a ƙasar, domin ya gaskata Allah bai gama da ita ba.

Na ga irin wannan da idona. Bayan mun dawo, wata gwauruwa maƙwabciyarmu, 'yar Zumuntar Mata, ta tarar an ƙone rumbunta, ɗakin kwananta ba rufi. Da ruwan farko ya sauka, ta aro fartanya, ta kwance irin gyaɗa da ta ƙulle a bakin zane, ta tafi gona tun da asuba, alhali mu maza muna zaune muna lissafin ranar da 'yan bindiga za su dawo. Da na ce mata, "Mama, ba kya tsoron a sake kore mu kafin kaka?", sai ta ce ko an kore ta, wani zai ci.

Wani ɓangare na laifin wannan yanke ƙauna yana wuyan masu wa'azin da ke yi wa talaka alkawarin mota da gida kafin ƙarshen shekara idan ya ba da baiko mai tsoka. Idan shekara ta ƙare bai ga komai ba, sai ya zubar da bege tare da alkawarin ƙaryar, ya koma sahun masu cewa duk abin kasuwanci ne. Begen da aka koya mana yana tsaye ne a kan tashin Almasihu daga matattu, kuma bai taɓa yi wa kowa alkawarin tsallake wahala ba.

Ina roƙon fastocinmu su riƙa tsayawa a inuwar bishiyar nan bayan sujada su ji abin da mambobinsu ke faɗa, domin yaranmu suna tsaye a gefe suna saurare, kuma wasu daga cikinsu sun fara cewa karatu ma ɓata lokaci ne.

Naka,
Wani mai karatu daga Mubi, Jihar Adamawa