Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Aikin Mayar da Tsofaffin Kwamfutocin Ofis Na'urorin Gem

Assalamu alaikum. Iyayen ƙungiya, shugabanni da 'yan uwa masu gyaran kwamfuta na cikin garin Sakkwato da kewaye, ga bayanin abin da aka gudanar a shekarar da ta gabata.

Tarukanmu na wata-wata sun gudana, in ban da na watan azumi da aka ɗage. Kuɗin wata sun shigo, ko da yake akwai waɗanda bashi ya taru a kansu, ma'aji zai same su ɗaya bayan ɗaya. An kuma kai gudummawa ga 'yan uwan da suka yi aure ko aka yi musu rasuwa. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Babban abin da ya ci lokacinmu shi ne shawarar da aka yanke tun farkon shekara, cewa mu riƙa sayen tsofaffin kwamfutocin tebur da ofisoshi suka ajiye, mu ƙara musu ƙarfi, mu sayar wa masu gidajen gem da ɗalibai. Dalili a fili yake. Sabuwar kwamfutar gem ta fi ƙarfin aljihun matashin da ke Mabera ko Runjin Sambo, ga kuma Dell OptiPlex 7010 da 9020 da HP EliteDesk 800 G1 jibge a shaguna, ƙura tana cinsu. Waɗannan na'urori na 2012 da 2013 ne, amma furosesar Core i5 (ƙwaƙwalwar kwamfutar) da ke cikinsu, irin su 3470 da 4570, har yanzu da sauran ƙarfinta. Abin da suka rasa katin hoto ne (wanda ke sarrafa hoton gem), da isasshen ram (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), da ma'ajiya mai sauri.

Tsarin da muka tsaya a kansa bayan gwaje-gwaje shi ne: a cire tsohon faifan ajiya a sa SSD, wato ma'ajiya mai sauri, a kai ram zuwa 16GB nau'in DDR3, sanda biyu iri ɗaya maimakon ɗaya babba, domin hanya biyu ta fi ɗaya saurin kai saƙo. Sannan a zo kan katin hoto, inda nan ne duk rigimar take.

Ramin da ake soka katin a madabod, wato babban allon da kayan kwamfuta ke haɗuwa a kansa, wat 75 na wuta kawai yake bayarwa, akwatin wutar waɗannan kwamfutoci kuma ƙarami ne, ba shi da wayar ƙari ta katin hoto. Shi ya sa muka tsaya kan GTX 1050 Ti da GTX 1650, irin waɗanda ba sa neman waya ta daban. Da su eFootball da GTA V suna tafiya lafiya lau, su ne kuma abin da yara suka fi nema. In akwatin siriri ne, sai an samo gajeren kati da gajeren ƙarfen ɗaurewa, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Wasu daga cikinmu sun so RX 580 saboda arhar tsofaffinsa, amma yana cin kusan wat 185, dole sai an canza akwatin wuta. A 9020 kuwa mahaɗin wutar madabod ƙafa 8 ne, ba 24 da aka saba ba, sai an nemo adafta. In aka lissafa duka, arhar ta gudu.

Ina so in ja hankalinmu sosai kan jabun kaya. An kawo wa ɗaya daga cikinmu kati a kwali mai kyau, an rubuta 1050 Ti, kwamfuta ma ta karanta shi a haka. Da aka kunna gem sai hoto ya wargaje. Da aka kwance fankar aka goge man da ke kan ƙwaƙwalwar katin, sai ga lambar tsohon GTS 450. Tun daga nan ƙungiya ta ce kada a biya kuɗin kati sai an gwada shi da manhajar GPU-Z mai nuna bayanan kati, an kuma bar shi yana aiki na ɗan lokaci. Haka katin GT 1030: akwai mai ram nau'in GDDR5, akwai mai DDR4, sunansu ɗaya, amma na biyun ya yi ƙasa ƙwarai. Duk wanda zai je sari Kano ko Legas ya riƙe wannan.

Sai zafin garinmu. Kwamfutar da aka ƙera don ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ita ce muke sa wa a shago mai rufin kwano a watan Afrilu, zafi ya haura maki 40, yara suna kanta tun hantsi har dare. Yawancin waɗanda aka dawo mana da su ba lalacewa suka yi ba. Ƙurar hunturu ce ta toshe fanka ta zama kamar auduga, man sanyaya furosesa kuma ya bushe tun shekaru. Yanzu doka ce: kafin na'ura ta bar shagon mamba, a hure ta, a sa sabon mai, a shaida wa mai saye ya dawo da ita bayan hunturu. A kuma nace masa ya haɗa da sitabilaiza, don wutar da ke dawowa da ƙarfi ta kashe akwatunan wuta da dama.

Abin da ya fi faranta mini rai a wannan aiki shi ne yaran shago. Waɗanda a da aikinsu miƙo sukundireba ne, yau suna haɗa kwamfuta tun daga farko har ta tashi, har da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da na Kwalejin Umaru Ali Shinkafi da suka zo neman sanin makamar aiki. Muna godiya ga iyayen gidan da suka buɗe musu shagunansu.

Akwai matsalar da ke gabanmu. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana neman furosesar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta. Namu na zubi na 3 da na 4 ne. Za su ci gaba da aiki, amma wajibi ne mu faɗa wa mai saye gaskiya, kada ya riƙa harkar banki a kansu. Ra'ayina shi ne a bana mu fara karkata sari zuwa masu zubi na 8, ko da ribar za ta ragu da farko.

Wannan shawara, da ta haɗa kuɗi a yi sari tare don rage kuɗin mota, su ne za a tattauna a taro mai zuwa. Ana roƙon kowa ya zo da lissafin na'urorin da ya sayar da waɗanda aka dawo masa da su, da dalilin dawowar.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya