Alhakin Kare Lafiyar Masu Feshi Yana Wuyan Mai Gona

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan 'yan ƙwadagon da ake ɗauka feshin magani a gonaki, musamman a yankin noman rani na Kadawa, Kura da Garun Malam a Jihar Kano, inda feshi ba ya yankewa rani da damina. Ana yawan rubutu a kan tsadar taki da faɗuwar farashin tumatir, amma da wuya a ji wanda ya tambayi halin da matashin da ya yini goye da injin feshi yake kwana a ciki.

A ganina tushen matsalar yana cikin yadda ake cinikin aikin. Mai gona yakan sayo magani ya miƙa wa ɗan ƙwadago, a yi jinga a kan yawan tankin da zai fesa ko faɗin filin da zai gama. Wanda kuwa ya karɓi jinga sauri yake yi: ba zai jira iska ta kwanta ba, ba zai bar zafin tsakar rana ya wuce ba, kuma idan bakin injin ya toshe sai ya kafa bakinsa ya busa. Da yawa suna haɗa maganin da hannu tsirara, sanye da silifa da riga mai guntun hannu, tankin yana ɗiga a gadon bayansu, alhali guba tana shiga jiki ta fata, balle fatar da ta jiƙe da gumi. Idan aka tashi hutu, da wannan hannun ake cin abinci a ɓare goro.

Magungunan nan kuma ba na wasa ba ne. Maganin ciyawa mai sinadarin paraquat yana lalata huhu, kuma har yau babu makarinsa idan mutum ya haɗiye shi. Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007, hukumar NAFDAC ma ta sanar da haramta shi a Najeriya. Maganin ƙwari mai sinadarin dichlorvos, wanda saboda ragowarsa a jikin wake Turai ta dakatar da sayen waken Najeriya a 2015, yana taɓa jijiyoyi, shi ya sa wanda ya shaƙe shi da yawa yakan kama zubar da yawu, gumi, amai, jiri da sarƙewar numfashi. Abin takaici, idan haka ta faru sai a ce rana ce ta buge shi, ko a ɗura masa nono ko manja da sunan kashe dafi, a ɓata lokacin da ya kamata a ce an tuɓe masa tufafin, an wanke shi da ruwa da sabulu, an garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin domin likita ya san abin da yake fama da shi. Gubar dichlorvos tana da allurar da ake yi mata a asibiti, amma sai an isa da wuri.

Na sha jin masu gonaki suna cewa 'yan ƙwadagon ne ba sa son sa kayan kariya saboda zafi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin rigar leda a watan Afrilu azaba ce. To amma wa ya zaɓi lokacin feshin, kuma wa ya saya musu kayan har suka ƙi sawa? Mutumin da ya iya sayen katan na magani ba zai rasa kuɗin safar hannu ta roba, dogon takalmi, tabarau da takunkumin da ke tace iska ba, kuma shi ke da ikon cewa a yi feshi da sanyin safiya ko da yamma. Yaron da ke neman na tuwon dare ba shi da bakin gindaya sharaɗi, don idan ya yi, wani za a kira.

Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, domin wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo a bakin aiki. Ɗan jinga da ba shi da takardar ɗaukar aiki ba ya ganin komai daga wannan tanadi, sai dai mai gona ya ba shi na mashin zuwa kemis.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin manoman tumatir da na shinkafa su sa sharaɗi ga mambobinsu cewa kayan kariya da kuɗin magani, idan tsautsayi ya faru, suna kan mai gona, sannan a hana sa ƙananan yara da mata masu juna biyu aikin feshi ko wankin tanki. Malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta Jihar Kano, kuma su riƙa tara 'yan ƙwadagon su kansu, su koya musu ma'anar launin da ke gindin takardar kwalba, inda ja ya fi kowane haɗari, tunda yawancin bayanan da Turanci ake rubuta su. Jaridarku ma za ta taimaka idan ta tura wakili ya zauna da masu feshin a bakin gona ya ji ta bakinsu.

Na gode.

Naka,
Wani mai karatu daga Kura, Jihar Kano